Kyan taswira ko saurin kammala ta: abin da kowannenmu ya gani a aikinsa

Sadiƙu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara guda ke nan ina haɗa ƙaramin wasan kwamfuta irin na RPG, wanda ɗan wasa yake zama jarumin labari, ni kaɗai a manhajar haɗa wasanni ta RPG Maker MZ, kuma cikin wurare 26 da na tsara ɗan wasa zai ratsa, huɗu kacal na kammala, saboda kowace taswira, wato filin da ɗan wasa yake yawo a kai, a manhajar zane ta Krita nake zana ta a matsayin hoto guda, sannan in shimfiɗa ta a ƙarƙashin wasan, wato hanyar da ake kira faralaks. Kyau kam sun yi, amma kasuwa ɗaya ta cinye mini mako uku. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki su faɗa mini yadda suka yi.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Na bi wannan hanya, kuma gyara ne ya fi wahalar da ni, ba zanen farko ba. Na zana gari cikakke, har da inuwar bishiyoyi da hasken fitilu, sai da na ba ƙanena ya gwada sannan na gane cewa ƙofar da labarin ya dogara a kanta tana wani lungu da ido ba ya kaiwa. Da a ce da tayil na yi ginin, wato ƙananan guntayen hoto masu kusurwa huɗu da ake jerawa a gina taswira, da minti biyar ya isa in matsar da ita, amma tun da hoto guda ne, dole na sake zana bango da inuwarsa, na kuma sake sanya alamar wuraren da ba a takawa. Akwai kuma nauyi. Tayil na MZ fiksel (ɗigon hoto) 48 ne ta kowane gefe, don haka taswira mai tayil 50 a tsawo da 50 a faɗi hoto ne mai fiksel 2,400 ta kowane gefe, wanda yake cin kusan megabait 23 na RAM, wato ma'adanar aiki ta kwamfuta, da zarar an buɗe shi, komai ƙanƙantar fayil ɗinsa. Idan ka ƙara hoton sama don rufin ɗakuna da ganyaye, nauyin ya ninka. Yanzu da tubala masu launin toka nake fara gina kowane wuri, kuma ba na yi masa ado sai mutum biyu sun ratsa shi ba su ɓata ba.

Zainabu: Malam, na yarda da batun gwaji, amma ba kowa ne tayil na shirye zai wadatar da shi ba. Labarina a tsohon birni mai ganuwa yake faruwa, kuma abin da na fi samu a shirye shi ne fadojin Turai na dutse, babu zaure, babu zanko, babu rumbu. Sai na zauna a manhajar zane ta Aseprite na zana tayil nawa masu fiksel 16, da launuka kaɗan. Don Godot 4, injin da nake haɗa wasana da shi, ya riƙa haɗa gefuna da kusurwoyi da kansa, kowane irin ƙasa yana buƙatar guntaye 47, kuma na shafe wata guda ban gina ko ɗaki ɗaya ba, har na fara zargin kaina da ɓata lokaci. Bayan haka kuwa unguwa guda takan kammalu tsakanin magariba da lokacin barci. Matsalar da ta rage ita ce katangar laka ba ta miƙewa sak, kuma idan guntu ɗaya ya maimaitu sau goma ido yakan gane. Na zana iri uku, ɗaya da tsagewa, ɗaya da zaizayar damina, na bar manhajar tana zaɓa da kanta, mai tsagewar kuma na rage yawan fitowarsa.

Nura: Ni girman wurare na rage. Allon da MZ yake farawa da shi tayil 17 yake nunawa a faɗi da 13 a tsawo, don haka dajin da na yi mai faɗin allo shida tafiya ce kawai babu abin gani. Da na mayar da shi allo biyu, aikin ya ragu, masu gwaji kuma suka ce ya fi kyau. Na kuma daina auna kaina da wasan Stardew Valley, domin wanda ya haɗa shi, Eric Barone, ya shafe kimanin shekara huɗu da rabi kafin ya fitar da shi a 2016, ni kuwa daren Asabar da Lahadi kawai gare ni.

Sadiƙu: Na gode ƙwarai. Na duba jerina, wurare uku ne kawai ɗan wasa yake tsayawa ya daɗe, wato kasuwa, fada da filin yaƙin ƙarshe, kuma su zan bari da zanen hannu. Malama Zainabu, shin ba za a ga bambanci mai muni ba idan aka fito daga wurin tayil aka shiga wurin da aka zana?

Zainabu: Za a gani idan launukan sun bambanta. Ka ɗebi launukan tayil ɗinka daga kasuwar da ka riga ka zana, kuma ka tabbata inuwa gefe ɗaya take faɗuwa a duka biyun.