Abin da aka tattauna a Yamai kan ɗaga ƙarfe na naƙasassu

Bayan la'asar, a inuwa kusa da filin wasan Seyni Kountché, ƴan wasa suka zauna suna ba sabbin shiga shawara. Abin da suka fi nanatawa: a gasa kwance ake ɗagawa a kan benci, kuma dole sandar ta tsaya cak a ƙirji kafin a tura ta sama, hannu biyu daidai. In ta yi tsalle a ƙirji, alƙalai uku na kallo, jar fitila ce, wato ɗagawar ba ta karɓu ba. Dama uku kawai ake da ita, don haka ta farko a ɗauki nauyin da aka saba.

Wani ya kawo zancen Siamand Rahman na Iran, wanda ya ɗaga kilo 310 a gasar naƙasassu ta Rio 2016. Dattijon cikinsu ya yi dariya: kafaɗa ake lallaɓawa tukuna, da ita ake tura keke.