Koren tsatsa na cin lambobin yaƙin marigayi, a taimaka

Assalamu alaikum. Wani tsohon ɗan sanda a Aboabo, nan Kumasi, Allah ya jiƙansa, ya bar lambobin sojan Gold Coast guda 14 da ya yi shekaru yana tarawa, saboda ƙaunar tarihin waɗanda suka yi yaƙin Bama (ƙasar Burma) daga 1944 zuwa 1945. Iyalansa na son a gyara su kafin addu'ar cikar shekara.

Matsalar tana kan Burma Star, wato lambar yaƙin Bama, guda 3, waɗanda gamin jan ƙarfe da tutiya ne. Sun daɗe cikin ledar PVC, har suka yi kore mai danƙo. An goge da auduga da asiton, wato ruwan sinadari mai narkar da danƙo, danƙon ya fita sarai. To amma a lungun haruffan akwai wani kore mai haske kamar gari, an kankare da tsinken sakace, bayan mako 2 ya dawo, ƙarƙashinsa kuma ƙananan ramuka. Zatona gishirin kulorayid ne ya haɗu da laimar damina.

Brasso, man goge ƙarfe, kam ba za a sa ba, yana cinye zanen da ke jikin lambar.

Ga inda aka cije: ƙyallen da ake rataye lambar da shi na asali ne, ɗinke yake, jiƙa lambar kuma zai ɓata launinsa. Malamai, a warware ɗinkin, ko akwai maganin da ake ɗigawa a ramin kaɗai? Masu kula da gidan tarihin soja na Kumasi Fort suna duba irin wannan?