"Alheri danƙo ne": ta shiga wa'azin alherin Allah?

Ishaya, Gadarif (Sudan): Salama, 'yan'uwa. Ana yawan kawo "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza" a wa'azin Afisawa 2:8-9. Sun dace kuwa?

Malam Bitrus, Kasala: Ɗana, kalma ɗaya ce amma kaya biyu. Danƙo in ya faɗi sai ya ɗauko wani abu, wato mai alheri zai ga sakamako. Karin maganar ribar mai bayarwa take kallo. Manzo Bulus kuwa a waɗannan ayoyin cewa yake ceto baiwa ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fariya. Ka haɗa su babu bayani, mai sauraro zai tashi da tunanin baikon coci da zuwa sujada ne ke sayen ceto.

Mama Rifkatu: Malam, ban yarda a jefar da ita ba. Aya ta 10 fa? An halicce mu domin kyawawan ayyuka. Jerin ne ake ɓatawa: a fara da 8 da 9, a bi da 10, sannan karin maganar ta shigo tare da Galatiyawa 6:9, wadda ta ce kada mu gaji da yin nagarta, gama za mu yi girbi a kan kari.

Ishaya: Mama, to misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20 fa? A nan in riɗi ya nuna ba ya jira, kwanso ya tsage ƙwaya ta zube, dole mai gona ya ɗebi 'yan ƙwadago ko da yamma, amma kowa gwargwadon yankansa ake biyansa. A misalin Yesu, na asuba da na ƙarfe 9 na safe, 12 na rana, 3 da 5 na yamma duk dinari guda suka karɓa. Mai awa ɗaya wane danƙo ya yar?

Malam Bitrus: Babu. Shi ya sa na fi son "hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar". Ita ma da gyara: hannu naka ne tun asali, alhali Romawa 5:8-10 ta ce Almasihu ya mutu dominmu muna masu zunubi, har maƙiya.

Mama Rifkatu: Wanda zai kawo ta ya haɗa da Romawa 6:1-2, inda aka ce kada mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, Malam. In ba haka ba matasa za su ji kamar an ce hannun ya ci gaba da ruɓewa, alhali wanke shi ake yi a sa magani.