Ina zaune a Niyu Jasi, ina aiki a Filadelfiya: me ya haɗa ni da harajin birnin?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Gidana yana Cherry Hill a jihar Niyu Jasi, amma aikina a wani asibiti ne a tsakiyar Filadelfiya, kullum jirgin ƙasa na PATCO nake hawa in tsallake kogi. Duk albashi sai na ga an yanke min wani haraji na birnin Filadelfiya, alhali ba a can nake kwana ba, ba kuma can yarana ke makaranta ba. Daidai ne? Na biyu, kwana biyu a mako daga gida nake aiki, su ma ana yankewa. Na uku, muna tunanin komawa yammacin Filadelfiya don mu matso kusa da masallaci da 'yan uwa, uwargida kuwa a Niyu Jasi take aiki. Don Allah wanda ya sani ya haska min.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Daidai ne, ba cutarka aka yi ba. Filadelfiya tana karɓar wannan haraji tun daga dokar da ta kafa a 1939, kuma mutum biyu take kamawa: wanda yake zaune a cikinta, da wanda yake shigowa ya yi aiki a cikinta. A 2024 mazauni yana biyan kashi 3.75 cikin ɗari, mai shigowa kashi 3.44. Ranar 1 ga Yuli suke sauya adadin idan za su sauya, don haka ka duba na bana. Kada ka auna da Niyu Yok, can tun 1999 aka soke harajin masu shigowa, mazauna kaɗai ke biyan na birni. Kowane gari da dokarsa.

Abu Kamal:
Kwanakin da kake aiki a gida ai kuɗinka ne, ka cike takarda kawai su dawo maka da su.

Hajiya Maman Yusuf:
Abu Kamal, a yi hattara da wannan magana, kada mu jefa bawan Allah cikin wahala. Abin da birnin ke tambaya shi ne: wurin aikinka ne ya wajabta maka zama a gida, ko kai ka zaɓa don sauƙinka? In an wajabta, kwanakin nan babu haraji a kansu, kuma kana da shekara uku ka nemi a maido maka. In kuwa an ce "ga ofis, in ka so ka zo, in ka so ka zauna," to za ka biya kamar kana cikin gari. Takardar neman maido da kuɗin ma sai wurin aikinka ya sa hannu. Ka fara zuwa ofishin ma'aikata ka nemi su ba ka tsarin a rubuce.

Amma ni tambayarka ta uku ce ta fi ɗaukar hankalina, ƙanena, don a nan kuɗin yake. Mazaunin Filadelfiya harajin yana binsa duk inda ya je aiki. A ce albashinka dala 60,000, mu lissafa da adadin 2024: yanzu kana biyan 2,064, in ka koma 2,250, bambancin bai taka kara ya karya ba. Uwargida fa? Yau ko sisi ba ta biyan birnin. Ranar da kuka tare, in tana ɗaukar dala 40,000, dala 1,500 ta hau kanta a shekara. Kuma mai yiwuwa kamfaninta na Niyu Jasi ba zai yanke mata ba, sai ita ta yi rajista da hukumar harajin birnin ta riƙa biya duk wata uku. Nan mutane ke faɗawa, su shekara biyu ba su sani ba, sai wasiƙa ta zo da tara da ruwa a kai.

Malam Sani:
Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: Baban Hafsa, ka duba takardun harajinka na baya. Niyu Jasi tana rage wa mazauninta harajin jiha saboda abin da ya biya wa Filadelfiya, akwai shafin da ake cikewa mai suna NJ-COJ. Ba lallai ragin ya cinye duka ba, amma yana da auki. In ka koma Fensilbaniya, jihar da Filadelfiya take ciki, wannan ragin ya tafi, za ka biya kashi 3.07 na jiha, ga na birni a kai.

Baban Hafsa:
Allah ya saka da alheri. Na ɗauko takardun bara, ban ga wannan shafin a ciki ba. Ana iya gyara na shekarun da suka wuce?

Hajiya Maman Yusuf:
Ana iyawa, takardar gyaran ita ce NJ-1040X, kuma akwai wa'adi, kada ka ja ƙafa. Ka haɗa W-2 ɗinka na kowace shekara, wato takardar da wurin aiki ke bayarwa mai nuna albashinka da harajin da aka yanke, ka kai wa mai lissafin haraji mai lasisi wanda ya saba da jihohin biyu. Ka ce ya lissafa muku gidan gaba ɗaya, naka da na uwargida, a Cherry Hill da a Filadelfiya, kafin ku sa hannu a takardar haya.