Asibitin jiha ko na kuɗi? A ba ƙanwarku shawara

Ummi: Assalamu alaikum yayyena. Na samu gurbin aikin nas biyu, asibitin jiha da wani na kuɗi kusa da gida. Me zan duba kafin in sa hannu?

Anti Larai: Wa alaikis salam. Tambayi nas nawa ke kwana a ɗaki da daddare. Wannan kafin albashi.

Maman Hanif: Ummi, ji ta bakin Anti. Inda na fara aiki, ni kaɗai ake bari a ɗakin mata, gadaje cike har da masu kwanciya a tabarma. Wani dare aka ɗauke wuta, janareta ba mai. Wata baiwar Allah ruwanta ya ƙare, jijiya ta ɓace, na riƙe waya da haƙora ina haskawa ina neman inda zan sa allura. Safar hannu ma sai da ɗanta ya fita ya sayo. Kafin in gama, lokacin maganin mutum uku ya wuce, 'yan jinya sun taru a kaina suna cewa ba mu da tausayi. Da safe mai karɓata ba ta zo ba, na zarce har azahar. Rannan na kusa ba wata maganin wata, Allah ne ya tsare, na sake duba kati. Ki je da kanki da magariba ki ga ko akwai sola da ruwa a famfo.

Malam Sani: Na jiha dai akwai fansho da ƙarin girma.

Anti Larai: Malam, kai da ke asibitin tarayya kana cin CONHESS, tsarin albashin ma'aikatan lafiya, cikakke, ba ka san abin da jihohi ke biya ba.

Malam Sani: Haba Anti, da daɗi muke ji za mu shiga yajin aikin ƙungiyarmu ta nas da ungozoma, NANNM, na 2025? Alawus ɗin aikin dare da ƙarancin ma'aikata ai duk mu ne.

Zee: Ki nemi takalmi mai taushi tun yanzu, da fitilar goshi.

Maman Hanif: Kuma ki bincika halin shugabar ɗakin. Wadda ke raba jadawali da son kai za ta sa ki tsani aikin.

Zee: Af, wa ya san ko har yanzu sai an yi shekara biyu ana aiki kafin NMCN, hukumar rajistar nas da ungozoma, ta tantance takardun mai son fita waje? Saudiyya nake hari.

Malam Sani: Kowa ya tafi, wa zai kwana da majinyatan?

Ummi: To ni wanne zan ɗauka?

Anti Larai: Je ki ƙirgo gadajen tukuna, ki dawo mu yi magana.