Ina za mu kai yara a wannan hutun?

Maman Sadik: Salamu alaikum jama'ar zaure. An ba da hutu, an kai amfanin gona gida, yaran nan sun sa ni gaba da "Umma kin ce za mu je yawo". Ni da ƙawata ce, tana da uku ina da huɗu, autan yana goye. Daga Ringim ina za mu je mu dawo kafin magariba? Kuɗin ba yawa, kwasar adashi ce.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Gidan Zoo kawai, na Audu Bako. Ki hau motar Kano ta sauke ku a 'Yankaba, daga nan ku yi shatar adaidaita sahu biyu. Yanzu ba lokacin sallah ba ne, babu turmutsutsu, yaro zai tsaya ya kalli jimina da kada son ransa.

Anti Ladi: Yara bakwai a adaidaita biyu, da manya biyu? To ku yi ciniki tun kafin ku shiga, kada sai an isa a fara cacar baki. Kuma kowane babba ya riƙe hannun ƙaninsa.

Malam Habu: Ni da za a ji tawa, Yaya, ki fara da Gidan Makama da safe, yana nan daura da gidan Sarki. Ginin ƙasa ne tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da takubba da sulke, da hotunan sarakuna. Sadik yana aji shida, duk abin da ake karanta musu a tarihi zai gan shi da idonsa. Daga nan ku biya marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma yadi a baba ya fito shuɗi. Sai ku rufe da Zoo bayan azahar.

Anti Ladi: Malam, kai ba ka taɓa yawo da goyo ba. Wuri uku a wuni ɗaya! Kafin la'asar ƙafafunta sun kumbura, yara sun fara kuka. Biyu ma da ƙyar.

Malam Habu: To a cire marina.

Kawu Isa: Ku dai kullum birni. Ga Baturiya nan bayan Haɗejiya, a ƙasar Kirikasamma. Yanzu da sanyi ya shigo tsuntsaye ke zuwa daga Turai su sauka a fadamar, wasu ba ku taɓa ganin irinsu ba. Sai dai fa kada ku kuskura ku tafi ranar Lahadi, kasuwar Gujungu ke ci, hanya cushewa take yi.

Maman Sadik: Kawu, wurin ruwa da yara bakwai? Gabana ma ya faɗi. Wannan sai ran da babansu ya samu sarari muka tafi tare.

Kawu Isa: Kina da gaskiya, 'yata.

Goggo: An saka mini saƙonninku na ji. Duk inda za ku, ki dafa abincinki a gida. Dafa-duka a kula, ƙuli-ƙuli da dabino a jaka, ruwa a jarka. In kika ce a hanya za ki saya wa baki tara abinci, adashin ya ƙare tun a tasha. Ki ɗauki zani biyu, ɗaya na shimfiɗa ɗaya na goyo in wancan ya ɓaci. Da rigunan sanyi, motar asuba ba ta da tausayi. Kuma ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa wa kowane yaro a aljihu.

Maman Sadik: Allah ya ƙara girma Goggo, wannan ta takardar ban taɓa tunaninta ba.

Baban Ummi: Ku baro Zoo da an yi la'asar. In kuka bari yamma ta yi, kujerar mota a 'Yankaba sai an yi kokawa.

Maman Sadik: To mun tsayar, Asabar in Allah ya kai mu. Gidan Makama da hantsi, Zoo bayan azahar. Maigida ya amince, ya ma ƙara kuɗin mota.

Anti Ladi: Tunda haka ne ki tafi mini da Hafsa, ta iya riƙon yara.

Maman Sadik: Sun zama takwas ke nan, Anti. Turo kuɗin motarta.