Shin TCP kaɗai ya isa ya tsare jerin saƙonni?

Bashir: Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba. Tun RFC 793 na 1981, takardar da ta bayyana TCP, wato ƙa'idar kai bayanai tsakanin kwamfutoci a intanet, alkawarinsa ɗaya ne, abin da ka fara turawa shi zai fara isa. To don me ake tsorata mu cewa saƙonni za su cakuɗe in zare biyu, wato sassan manhaja biyu masu aiki lokaci guda, suna rubutu a soket ɗaya, ƙofar da manhaja ke tura bayanai ta cikinta?

Zainab: Malam Bashir, alkawarin na nan, amma a kan bayit, wato ƙananan gutsattsarin bayanai, aka yi shi. TCP bai san inda saƙonka ya fara ko ya ƙare ba. A ce ka miƙa wa send, wato kiran da ke turawa, bayit 1000, ma'ajiyar turawa ta kusa cika, sai aka karɓi 600 aka dawo maka da lambar. Kafin ka turo ragowar 400, zare na biyu ya zura nasa. Mai karɓa zai ga kan saƙon farko, sai na biyu, sannan wutsiyar na farko. Yadda ka miƙa, haka aka kai.

Bashir: Wannan ai matsalar soket marar jira ce. Nawa yana jira har ya gama turawa.

Usman: Ko mai jiran ma bai tsira ba, ɗan'uwa. A Linux, idan ma'ajiya ta cika, zaren yakan saki makullin soket kafin ya kwanta jira, wani kuma ya shiga ta nan. Sigina, wato sanarwar da tsarin aiki ke aiko wa manhaja, ma na iya katse shi a tsakiya. POSIX, ƙa'idar tsarin aiki irin su Linux, ya lamunce wa bututu, wato hanyar miƙa bayanai tsakanin manhajoji a kwamfuta ɗaya, cewa rubutun da bai wuce PIPE_BUF ba, wato bayit 4096 a Linux, ba zai gauraye da wani ba. Soket ɗin TCP ba shi da wannan lamunin.

Hauwa: To a koma UDP mana, ɗayar ƙa'idar turawa, saƙo ya tafi ɗungurum ko a ƙi shi.

Zainab: Sai ki rasa jerin, ki kuma rasa tabbacin isa, Malama Hauwa. Ni abin da nake yi: layin jiran saƙonni ɗaya, zare ɗaya ke rubutu, kowane saƙo da bayit 4 a gaba masu faɗin tsawonsa, kuma ba a taɓa na gaba sai ragowar na baya ta fita kaf.

Bashir: Na yarda da batun tsawon. Amma zare ɗaya zai shaƙe ni idan saƙonni suka yi yawa. Gara in sa makulli a kan send.

Usman: Sa, amma ya rufe dukan zagayen turawar har bayit na ƙarshe. In kira ɗaya kawai ya rufe, ramin da Malama Zainab ta nuna yana nan buɗe.